Kwalin Makararriya

Runa Hovland ta shigo otal ɗin Gunvor da rana tsaka, takalminta na dama naɗe da salatif don kada tafin ya rabu da samansa. Ta sauke jakar goyonta a gaban kanta, ta ce wa saurayin da ke duƙe yana gyaran injin kofi, "Akwai kwalina a nan. Runa Hovland."

Saurayin ya ɗago. Dogo ne, da baƙin mai a kumatunsa, idanunsa irin na mutumin da ba a taɓa sa shi gaggawa ba. Ya dube ta, ya dubi takalmin, ya ajiye sukudireba a hankali.

"Ke ce Runa Hovland?"

"Tun da aka haife ni."

"Mun ɗauka kin fasa."

Ba ta fasa ba. Tun watan Mayu ta ɗauki hutu daga asibitin da take aikin jinya, ta taso a ƙafa daga Lindesnes, ƙarshen Norway ta kudu, da niyyar isa Nordkapp, ƙarshen ƙasar ta arewa, kafin dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu. Kamar kowane mai wannan tattaki, ta shirya kwalayen guzuri tun a gida, ana aika mata su gaba ɗaya bayan ɗaya, a shaguna da gidajen mai da ƙananan otal-otal na bakin titi. Na wannan otal ɗin ya fi kowanne muhimmanci, don a cikinsa sabbin takalmanta suke. Wani kogi ne ya cika a hanya, ta zagaye shi, ta makara.

"Zo ki gani," in ji saurayin. "Sunana Eilif. Gara ki san sunan wanda za ki zaga."

Ya kai ta lungun da ke kusa da ɗakin shanya, inda wani babban akwatin katako yake a buɗe. Akwatin kowa da kowa ne: mai tattaki ya zuba abin da ya yi masa nauyi, wani ya ɗauki abin da ya rasa. A ciki Runa ta ga rabin ledar garin kununta, da takardar bayi, da safarta ƙafa ɗaya. Ta gane rubutunta a jikin ledar.

Ta tsaya kamar an dasa ta.

"Ina takalman?"

"Wata 'yar Holand mai ƙafa irin taki ta tafi da su shekaranjiya." Ya sosa ƙeya. "Har kuka ta yi don murna, in wannan zai rage miki wani abu."

"Cakulan fa?"

"Shi ya fara tafiya."

Wata gajeriyar mata mai furfura ta fito daga kicin tana goge hannu a rigar girki. Gunvor ce, mai otal ɗin, mahaifiyar Eilif. Ba ta ba da haƙuri ba.

"Ranar da aka rubuta a jikin kwali ta wuce, na ƙara mako guda, sannan na buɗe. Haka nake yi wa kowa. Rabin masu turo kwali ba sa zuwa. Sun gaji, sun hau jirgi sun koma gida, sun bar ni da ɓeraye da ruɓaɓɓen cuku."

"Babu sabis a kan dutse, ta yaya zan kira?"

"Na sani. Shi ya sa nake ƙara makon." Gunvor ta dubi hannayen Runa, ta daɗe tana dubansu, kamar tana jiran wata tambaya. Da tambayar ba ta zo ba, ta ce wa Eilif, "Ba ta ɗaki na huɗu. Ruwan zafinsa ya fi na sauran."

Ɗaki na huɗu yana da gado ɗaya, da talabijin mai kama tasha ɗaya, da tagar da ke kallon filin da tireloli ke fakin. Dardumar tana warin tabar da aka sha tun kafin a hana. Runa ta daɗe a ƙarƙashin ruwan zafi, sannan ta zauna a bakin gado ta duba diddigenta. Ya tsage, ya kumbura, ya yi ja. Ba sai ta tambayi likita ba, ta san ƙafar nan ba za ta hau dutse ba sai ta huta.

Ta ɗauki waya don ta gaya wa Torjus. Tsohon saurayinta ne, shi ke aika mata kwalayen daga Kristiansand. Sun rabu kafin ta taso, ya ce ko ba soyayya zai yi mata wannan, ta yarda saboda mutum ne da bai taɓa makara ba a rayuwarsa. Shi ne kuma ke bin 'yar na'urar da ke jikin jakarta, mai nuna masa a taswira inda take. Ta tuna irin huɗubar da zai yi mata a kan kiyaye lokaci, sai ta ɓoye zancen kwalin. Ta rubuta:

"Na iso otal. Zan ɗan zauna a nan."

Amsa ta zo nan take: "Kada ki yi gaggawa. Ki yi tunani sosai."

Ta ɗauka zancen fasa tafiyar yake, kamar kullum. Ta kife wayar.

Washegari Eilif ya ƙwanƙwasa mata ƙofa riƙe da tsohon takalminta. Ya liƙe tafin da gam ɗin da yake facin taya da shi.

"Wannan gam ɗin ya riƙe tirela har Narvik," ya ce.

Ta sa takalmin, ta fita fili tana ɗingishi. Ba ta kai wajen famfon mai ba tafin ya ɓalle, ya zauna a kan kwalta, ita ta wuce. Suka tsaya suna kallonsa su biyu. Runa ce ta fara dariya, dariyar da rabonta da irinta tun Lindesnes.

"Mai gam," ta ce, "tirelar nan ta dawo kuwa?"

"Ban tambaya ba, Makararriya."

Sunayen suka kama su. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta daga ɗakin tukunyar ruwan zafi, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakinta:

"Makararriya, shagon Trondheim sun ce akwai takalmi lambarki, amma sai mako mai zuwa. Miyar yau nama da dankali ce. Ta jiya ma haka. Ta gobe kada ki sa rai."

Ta mayar masa: "Mai gam, in dai da zafinta, zan ci har kwanon."

Zaman jira ya mayar da ita 'yar gida ba tare da an gayyace ta ba. Tana fere dankali a kicin, ƙafarta a kan kujera. Ta ɗaure wa wani direba hannun da ya ƙona. Da safe takan raka Eilif bayan otal, inda yake share ganyen da ke toshe bututun ruwa a bakin kogi. Ba mai yawan magana ba ne, amma yana saurara da dukan fuskarsa, kuma ya lura tana ajiye rabin burodinta a aljihu saboda sabon tafiya, sai ya riƙa kawo mata biyu.

A bakin kogin ne ta tambaye shi mahaifinsa.

"Ina aji uku ya rage wa wata mai tattaki hanya zuwa Mosjøen," ya ce, bai daina sharar ba. "Ya bugo waya daga can ya ce an rufe titi, sai gobe. Yana Sweden yanzu, da 'ya'ya biyu."

Runa ta dube shi da tausayi.

"Kada ki yi wannan fuskar. Ya bar mana injin kofin." Ya jingina manjagarar, ya dube ta. "Na saba ganin mutane suna tafiya, Runa. Ban taɓa roƙon mota ta lalace a hanya ba sai wannan makon. Ina roƙon motar da ke ɗauke da takalmanki ta yi faci."

"In ta yi, kai za a kira da gam ɗinka, ka ga ba za ta taɓa isowa ba."

Ya kama hannunta, ta bar masa.

Gunvor ta gan su ta tagar kicin. Bayan abincin rana ta kira Runa ɗakin wanki.

"Ɗaki na huɗu, kama min zanin gadon nan."

Suka ja, suka ninke, suka sake ja.

"Ku masu tattaki kuna da kirki," in ji Gunvor. "Kuna wanke kwano, kuna godiya, kuna yabon miya. Har sai takalmi ya bushe."

"Gunvor, ni ba…"

"Ɗana ba zango ba ne da za a huta a tashi. Kuma ke kin san abin da kika bari a bayanki." Ta karɓe zanin, ta ɗora a kan sauran. "Ni ma na sani."

Runa ta fito ba ta fahimci rabin maganar ba. Ta so ta tambayi Eilif, amma ranar ba ta gan shi ba, har ta ji ƙarar rufe ƙofar bene inda shi da mahaifiyarsa suke zaune. Da gari ya waye motarsa ba ta fili. A kan kantar otal ɗin akwai sabon kwalin takalmi da sunanta, a wayarta kuma akwai saƙo:

"Takalmanki sun iso. Na tafi Grong ɗauko gas, zan daɗe, kada ki jira ni. Da kin gaya min da kanki. Ina yi muku fatan alheri, ke da shi."

Ta karanta, ta sake karantawa a tsaye. Ta kira, waya a kashe. Ta rubuta, "Ni da wa?" Saƙon ya tafi, ba a buɗe shi ba.

Ta zauna a ɗakin cin abinci da takalman a kan cinyarta, ba ta ko zare igiyarsu ba. Ƙafar ta warke. Hanyar arewa tana nan, kuma kowace safiya da ta ɓata a nan za ta biya ta a cikin ƙanƙara. Duk da haka ba ta tashi ba. Tana nan zaune har direbobi suka cika wurin don abincin rana, har wata mota mai sheƙi ta tsaya a tsakanin tireloli, wani mutum ya fito da farar riga da damin furanni.

Torjus ne.

Ya shigo yana murmushi, ya tsaya a gaban teburinta, ya miƙa furannin. Cokula suka yi shiru.

"Na ga ɗigonki bai motsa ba a taswira, na ce ai ni take jira. Irin wannan amsar ba ta waya ba ce."

"Torjus, me kake yi a nan? Amsar me?"

"Zoben mana."

"Wane zobe?"

Murmushin ya fara janyewa. "Wanda na sa a cikin takalmin. Na hagu. Na lissafa, da kin zura ƙafa za ki ji shi."

Runa ta dubi takalman da ke cinyarta. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne 'yar Holand, can a kan dutse, tana ɗingishi da zoben Torjus a ƙarƙashin babban yatsa.

"Ban ga takalman ba," ta ce da ƙyar. "Na makara. An buɗe kwalin, an raba kayan. Wata ta tafi da su."

Fuskarsa ta yi fari fat. Ya laluba kujera ya zauna. Wani direba a teburin gefe ya ce a hankali, "To, aƙalla wata ta samu miji," abokinsa ya taka masa ƙafa.

Gunvor tana tsaye a ƙofar kicin da tukunyar kofi. Ta ajiye ta, ta zo har teburin, ta sa hannu a aljihun rigar girki, ta fito da ɗan ƙaramin akwati baƙi, ta ajiye tsakaninsu.

"Ba na zuba takalmi a akwatin kowa sai na kaɗe shi," ta ce. Muryarta ba ta kai yadda ta saba ba. Ta dubi Runa. "Ba ki san da shi ba?"

"Yanzu na fara ji."

"Yatsu suna kumbura a tafiya. Ku duka kuna cire zobe ku aika shi gaba a kwali, na sha gani. Na ɗauka naki ne, ke kika sa. Ranar da kika iso na tsaya ina jiran ki tambaya. Kika tambayi takalmi, kika tambayi cakulan, ba ki tambayi zobe ba. Na ce ta ga ɗana, ta yi shiru."

"Kin nuna wa Eilif?"

"Jiya."

Runa ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, ta tura akwatin gaban Torjus da yatsu biyu.

"Na gode da kwalayen, Torjus, ba ka taɓa saɓa rana ba. Amma abin da na gaya maka kafin in taso bai canja ba. Ba zan aure ka ba."

"Saboda na sa shi a takalmi?"

"Ko a bakina ka sa shi."

Torjus ya miƙe, ya sa akwatin a aljihu, ya ce, "To sai ki zo ki kwashi kayanki."

"Wane kaya?"

Ya buɗe bayan motarsa. Sauran kwalayenta ne gaba ɗaya, na Mo i Rana, na Sulitjelma, na Kautokeino, na duk zangon da ya rage, a jere, ba a liƙa musu kan sarki ba.

"Ba ka aika su ba?"

"Na ɗauka tare za mu koma gida. Mai shirin biki me za ta yi a kan dutse?"

Wannan ya fi zoben girgiza ta. Direbobi biyu suka taya ta sauke kwalayen a bakin ƙofa, Torjus ya ajiye furannin a kan na sama, ya ja motarsa ya nufi kudu.

Eilif ya dawo da la'asar, tukwanen gas suna ƙara a bayan mota. Ya tarar da Runa zaune a kan tulin kwalaye, sabbin takalma a ƙafarta, furanni a cikin bokitin wanke gilashin mota. Mahaifiyarsa ce ta tare shi tun kafin ya kashe injin. Runa ba ta ji abin da ta gaya masa ba. Ta dai ga ya fito, ya tsaya, ya dafe kansa da hannu biyu, sannan ya tako.

"A cikin takalmi?" ya ce.

"Na hagu."

"Ni kuma na je Grong na zauna a mota ina cin burodi ina tsine wa mutumin da ban sani ba." Ya durƙusa a gabanta. "Ki yafe min. Da na tambaye ki."

"Da ka tambaye ni."

"Makararriyata."

"Ka kunna wayarka, Mai gam. Akwai tambayata a ciki tun safe."

Ya kunna, ya karanta, ya rubuta amsa yana durƙushe a gabanta. Wayarta ta yi ƙara: "Ke da ni, in kin yarda."

Gunvor ba ta sauko daga ra'ayinta ba. A teburin abincin yamma ta ce a gabansu duka, "Na yi kuskure a kan zobe, na kuma faɗa. Ban yi kuskure a kan takalmi ba. Gobe za ta ɗaura igiya ta tafi, Eilif, kuma daga Nordkapp jirgi yana zuwa kudu kai tsaye, ba ya bi ta ƙofarmu."

"Zan tafi," in ji Runa. "Na fara, sai na ƙarasa. Amma zan dawo."

"Haka ake cewa."

Eilif bai roƙe ta ta zauna ba. Ya kwashe kwalayen ya kai ɗakin ajiya, ya ce shi zai riƙa aika su. Da safe ya raka ta har inda hanyar ƙafa ta rabu da kwalta.

"Kada in tarar da komai a cikin safa," ta ce.

"In ina da tambaya, da bakina zan yi ta."

Kwalayen suka riƙa isa a kan lokaci. A kowanne, a saman garin kunu da busasshen nama, akwai ƙaramin bututun gam. Duk inda ta samu sabis saƙonninsa sukan shigo a tare:

"An ba wani ɗan Poland ɗaki na huɗu. Yana minshari. Ban ji daɗinsa ba."

"Mama ta ce ba ta damu da inda kike ba. Ta sa na nuna mata taswirar."

Ita kuma ta rubuta masa daga wata bukka a Finnmark: "Ƙanƙara ta sauka jiya, ƙafata lafiya. Yau na yi magana da barewa, ta fi ka surutu. Ina kewarka, Mai gam."

A watan Oktoba ta isa Nordkapp cikin iska da hazo, ba ta ga teku ba sai ƙararsa. Ta sauko Honningsvåg, ta nemi kwali a wani shago, ta cika shi da kayan tattakinta, har tanti da takalma, ta rubuta sunanta da adireshin otal ɗin Gunvor da ranar da za ta zo karɓa, ta kai gidan waya. Ta ba kanta isasshen lokaci, don ta tsaya a hanya ta nemi canjin wurin aiki zuwa asibitin da ke kusa da kwarin da otal ɗin yake.

Guguwa ba ta duba ranar da ta rubuta ba. Aka rufe titi a kan dutsen Saltfjellet, jirgin ƙasa ya tsaya, na sama ma haka. Da aka buɗe, ƙasa ta zabtare a wani wuri, aka sake rufewa. Runa ta zauna a wani masauki a Fauske tana kallon ranar ta zo ta wuce, makon ƙari ma yana bin ta. Ta daɗe riƙe da waya kafin ta iya rubuta kalmomin, don ta san a wane gida aka taɓa jinsu:

"An rufe titi. Sai gobe."

Amsarsa ta zo: "Na sani, mun gani a labarai. Na karanta wa Mama saƙonki. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa."

Ranar da bas ta sauke ta a gaban otal ɗin, ƙanƙara ta kai gwiwa a gefen fili. Motar Eilif ba ta nan, ya fita share hanyar maƙwabta. Runa ta shiga ba jakar goyo, sai 'yar jakar hannu. Ba kowa a bayan kanta. Ta leƙa kan katakon da ake jera kwalayen baƙi, nata ba ya nan. Ta wuce lungun ɗakin shanya, ta buɗe akwatin kowa da kowa, ta fara tonawa.

"Me kike nema a nan?"

Gunvor ce, da hannayenta a cikin rigar girki.

"Kwalina. Na san ranar ta wuce, makon ma ya wuce."

"Ya wuce."

"Wa ya ɗauki tantin?"

Gunvor ta juya ta nufi matakalar bene, inda baƙo bai taɓa hawa ba. Da ta kai tsakiya ta waiwayo. "Sai na ɗauke ki?"

Kwalin yana kan teburin falonsu, a liƙe yadda Runa ta liƙe shi, an ɗora masa ɗan kyalle don ƙura. Runa ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi, ta dubi matar.

"Ba ki buɗe ba."

"Dokar ta baƙi ce." Gunvor ta gyara kyallen da bai karkace ba. "Na girgiza shi dai. Na ji takalmi, na ji sandunan tanti. Na ce wadda ta turo ƙafafunta gaba, ba ta da niyyar wucewa." Ta yi gyaran murya. "Zauna, Runa. Kin rame."

Karo na farko ke nan da ta kira sunanta.

Ba a jima ba suka ji ƙarar mota, sai takun mutum yana haɗa matakala biyu-biyu. Eilif ya shigo da ƙanƙara a kafaɗa, yana haki, ya tsaya yana kallonta.

"Kin makara," ya ce.

"Ka saba."

"Ina da tambaya. Da baki, yadda na yi alkawari." Ya cire hula. "Za ki aure ni?"

"A gaban mahaifiyarka?"

"Ita ma ta ji, kada wani ya ce a aljihu ya tsinta."

"Zan aure ka, Mai gam."

Gunvor ta tafi ɗora kofi, ta daɗe a kicin fiye da yadda kofi ke buƙata.

An ɗaura auren a watan Yuni, a ƙaramin cocin katako na kwarin. Iyayen Runa sun zo daga kudu, aka sauke su a ɗaki na huɗu. Direbobi suka jera tireloli a fili suka danna oda a tare lokacin da amarya ta fito, aka ci nama da dankali. 'Yar Holand ma ta turo kati da hoton takalman, sun ƙare har sun huje.

Da aka zo jawabi, Gunvor ta miƙe da kofinta. Ba ta rubuta komai ba.

"Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙafa mai kyau," ta ce. Ta juya wajen amarya. "Na san dutse zai sake kiranki, ba zan hana ba. In za ki fita, 'yata, ki faɗi ranar dawowa. In kin makara, muna nan."